Sawun da Saje Kefas Ya Bi

Akwai wani aibi da ya yaɗu a cikin mutane, kuma ya fi kama gwanaye fiye da jahilai. Mutum zai ƙware a abu guda, ya yi shekaru ana gwada shi ba a kama shi da kuskure ba, sai ya ɗauka cewa duk abin da ya faɗo masa a rai yana da ƙarfin wannan abu da ya ƙware a kansa. Daga nan ba ya ƙara bambance abin da ya gani da abin da ya zata. Jahili idan ya yi zato, akan sami mai yi masa musu. Gwani kuwa idan ya yi zato, sai a ɗauko adduna a bi bayansa.

Saje Kefas yana cikin irin waɗannan gwanaye. An haife shi a wata tunga da ke gindin dutse, tsakanin Zuru da Dirin Daji. Mahaifinsa maƙeri ne. Mahaifiyarsa Larai ta haifi 'ya'ya tara, biyu kaɗai suka rayu, shi da ƙanensa Aaron, da tazarar shekara goma sha huɗu a tsakaninsu. Tun Kefas bai isa riƙe garma ba ya iya bin sawun gada a kan fako, inda manyan maharba suke tsayawa suna sosa ƙeya. Da ya girma ya yi golmo, wato noman da saurayi yake yi wa surukansa shekara bayan shekara kafin a ba shi mata, ba a kuma taɓa jin ya yi fashin rana ɗaya ba. Daga nan ya bi hanyar da samarin ƙasar Zuru da yawa suke bi, ya shiga soja. Ya yi shekara ashirin da biyu, ya ga gawa fiye da yadda ya kamata mutum ɗaya ya gani, ya dawo gida da igiya uku da tabon harsashi a kafaɗa. Ba ya shan burkutu, ba ya ƙarya, ba ya kuma maimaita magana.

Da 'yan bindiga suka fara saukowa daga daji suna kwashe shanu da mutane, samarin tungar suka kafa ƙungiyar 'yan sa kai, suka naɗa shi shugaba babu jayayya. Sau uku yana bin sawun ɓarayi har maɓoyarsu ana dawowa da shanu. Yakan tsuguna ya dubi ƙasa, ya faɗi yawan waɗanda suka wuce, da wanda yake ɗauke da kaya, da wanda ya gaji, kuma idan aka cim musu sai a tarar haka abin yake. Don haka a tungar nan idan aka ce Saje ya gani, gardama ta ƙare.

Aaron ɗan kabu-kabu ne, yana jigilar mutane a babur zuwa Wasagu da Bena. Mutum ne mai barkwanci da kaifin baki. A hannunsa na hagu akwai munduwar ƙarfe da mahaifinsu ya ƙera masa kafin ya rasu, da zane uku a bakinta. Gonarsa tana iyaka da ta Malam Muntaka, wani Bakabe da ya zauna a tungar shekara goma sha biyar yana noma yana sayar da gishiri da manja. Muntaka yana jan ƙafar hagu, tun wani saran maciji da ya same shi yana saurayi. Shi ne kuma mahaucin da ba a naɗa ba, domin al'adar wurin ita ce idan Kirista zai yanka dabba sai ya kira Musulmi ya yanka masa, don kowa ya iya cin naman.

A daminar shekarar 2021 suka yi cacar baki a kasuwa a kan iyakar gona. Aaron ya ce abin mamaki ne yadda iyakar gonar Malam ta fi Malam saurin tafiya, mutane suka fashe da dariya. Muntaka ya ji zafi, ya ce wata rana wannan babur zai kai shi inda ba a dawowa. Magana ce irin wadda ake yi sau ɗari a kowace kasuwa, a manta da ita kafin a naɗe tabarma.

Bayan sati uku, ranar wata Laraba, Aaron ya ɗauki fasinja ya nufi Wasagu, bai dawo ba. Da hantsin Alhamis mata masu itace suka ji ƙauri daga wani kwazazzabo a gefen hanya, suka leƙa, suka watsar da itacen suka sheƙo gida.

Kefas ya isa wurin da samari kusan ashirin. Babur ɗin na Aaron ne, lambarsa ba ta ƙone ba. A gefensa akwai gawar namiji da ta ƙone ƙurmus, ta dunƙule, hannuwa a tanƙware kamar na ɗan dambe, fuska babu abin ganewa. A tsintsiyar hannun hagu akwai munduwar ƙarfe mai zane uku. Kefas ya tsuguna ya daɗe yana dubanta. Bai yi kuka ba. Ya miƙe ya hana kowa motsi, ya shiga zagaya wurin yana karatun ƙasa. Sawayen babura sun yi yawa a kan hanya, sun tattake juna, ba su ba shi komai ba. Amma a cikin laka, a bakin kwazazzabon, ya ga sawun mutum ɗaya mai takalmin roba, wanda ƙafarsa ta hagu take jan ƙasa. Mai sawun ya zo har kusa da gawar, ya tsaya, sannan ya juya da sauri ya bi ta cikin dawa.

Leah, matar Aaron, ta iso ana riƙe da ita. Ta dubi gawar, ta sake dubawa, sannan ta ce wa Kefas a hankali cewa kafaɗun nan sun yi ƙanƙanta, mijinta ya fi haka faɗi. Ya amsa mata cewa wuta tana tsuke jiki, ya gani da idonsa a filin daga ba sau ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa, kuma da wannan gaskiyar ya rufe mata baki.

Sawun ya kai su har ƙofar gidan Muntaka. A nan ya kamata a lura da kyau, domin a nan ne abin ya karkace. Kefas bai yi kuskure a karatun ƙasa ba, sawun na Muntaka ne. Amma sawu yana faɗin wanda ya wuce ne kawai, ba ya faɗin abin da ya aikata. Sauran labarin Kefas ne ya cike shi da kansa a kan hanya, da maganar kasuwa, da zafin zuciya, kuma kafin ya iso ƙofar ya riga ya daina jin bambanci tsakanin abin da laka ta nuna masa da abin da shi ya ƙara.

Suka tarar da Muntaka yana yaɓen rumbu da rana tsaka. Bai musa zuwa wurin ba. Ya ce da sassafe ya bi ta nan zai duba gona, ya ga abin, tsoro ya kama shi ya gudu, domin kowa ya san a wannan zamani wanda ya fara kai labarin gawa shi ake fara kira ɗan leƙen asirin 'yan bindiga. Ana cikin haka wani saurayi mai suna Dominic ya fito daga ɗaki da riga mai busasshen jini a gaba da hannuwa. Muntaka ya ce jinin akuya ne, jiya Laraba wani maƙwabcinsa Haggai ya kira shi ya yanka masa. Ya ɗaga kai yana neman Haggai a cikin taron, ya kuwa gan shi.

"Haggai, faɗa musu mana. Ba kai ka riƙe mini ƙafafunta ba?"

Haggai ya dubi addunan da ke kewaye da shi, ya dubi ƙasa, ya ja baya cikin taron.

Suka rufe Muntaka da gora da duwatsu har ya daina kare kansa. Asama'u matarsa ta faɗa kansa, aka fizge ta aka jefar gefe, goshinta ya fashe a jikin murhu. Aka cinna wa rumbunan wuta. Kefas ya daka tsawa aka ja baya, mutane suka zaci zai hana ne. Sai ya sa aka jawo turmi aka kifa shi, aka ɗora hannun Muntaka na dama a kai. Ya ce ba za a kashe shi ba, kotu ce za ta rataye shi, amma hannun da ya ƙyasta wa ɗan'uwansa ashana ba zai kai kotu ba. Sara biyu ya yi. Motar 'yan sanda da ke sintirin hanya ta hango hayaƙi ta shigo, ita ce ta kwashi abin da ya rage na Muntaka zuwa asibiti.

Aka binne gawar a ranar da sunan Aaron. Aka gurfanar da Muntaka da laifin kisa, bisa shaidar Kefas, da sawun, da rigar. Game da hannun kuwa, duk wanda aka tambaya a tungar sai ya ce taro ne, bai ga wanda ya yi ba. Abin da ya rage a gaban kowa abu ɗaya ne. Idan Aaron ne ke cikin kabarin, kuma jinin rigar nasa ne, Muntaka zai hau igiya, Kefas kuma ya zama mai gaskiya da ya yi gaggawa. Idan ba haka ba ne, to ya sare hannun mutumin da bai yi masa komai ba.

Leah ba ta daina shakka ba. Ta yi zaman makoki kamar yadda aka ce ta yi, amma ba ta taɓa zuwa bakin kabarin ba. Bayan wata huɗu ta hau mota ita kaɗai zuwa Zuru, ta nemi jami'ar da ke riƙe da binciken, Sufeto Monica, ta faɗa mata maganar kafaɗu. Lauyan da ke kare Muntaka ya kama wannan magana, ya roƙi kotu ta ba da izinin tono gawar a yi mata gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ake kira DNA. Alƙali ya amince.

Ranar da 'yan sanda suka zo da likita da masu haƙa, sun tarar da Kefas zaune a kan kabarin, bindigar farauta a kan cinyarsa, samarinsa a bayansa. Ya ce ba a taɓa tono mamaci a gidansu ba, ba kuma za a fara da ƙanensa ba.

"Baba Saje, sauke bindigar nan," in ji Sufeto Monica. "Ta harbin gada ce, ba ta huda takardar kotu."

"'Yata, lokacin da nake kwasar gawa a filin daga, ke ko takalmin makaranta ba a saya miki ba."

"Haka ne, Baba, shi ya sa ban zo koya maka gawa ba. In Aaron ne a ramin nan, gwajin zai faɗa, kuma shi zai rataye Muntaka, ba bakinka ba. To mene ne abin tsoro?"

Kalmar tsoro ce ta motsa shi, amma ba ita ta ɗaga shi ba. Tsohuwa Larai ce ta taho tana dogara sanda, ta yi masa magana da yarensu na C'lela a gaban kowa. Ta ce a tona, ta gaji da kuka a kan kabarin da surukarta ba ta kuka a kansa. Kefas ya tashi ya ba da wuri.

Likitan ya yi bayani yayin da ake haƙa. Ya ce a jikin kowane mutum akwai wani rubutu na halitta, a jininsa da gashinsa da ƙashinsa, wanda rabinsa daga uwa yake, rabi daga uba, kuma ba ya zama iri ɗaya a mutum biyu sai tagwaye masu kama ɗaya. Wuta tana cin nama, amma sau da yawa rubutun yakan tsira a cikin haƙoran tauna da ƙashin cinya. Za a karanta wurare da dama a rubutun gawar, a karanta na dangi, a jera su. Ɗa na cikin mace dole ne a kowane wuri a sami alama ɗaya da ta zo daga gare ta. Kefas ya naɗe hannun riga ya ce a ɗebi jininsa. Likitan ya ce na tsohuwa ya fi yanke magana, domin 'yan'uwa suna iya bambanta da yawa, amma uwa da ɗanta ba su da mafita. Aka goga auduga a cikin kuncin Larai, aka cire haƙora biyu da guntun ƙashi daga gawar, aka rufe kowanne a ambulan ɗinsa aka buga hatimi a gaban shaidu. Aka haɗa da rigar Muntaka, aka aika ɗakin gwaje-gwaje a Legas. Kefas ya ce wa samarinsa yana dariya, wai yanzu auduga ce za ta gaya masa wane ne ƙanensa.

Aka yi wata bakwai ana jira, Muntaka yana gidan yari yana koyon cin abinci da hagu. Sannan sakamako ya zo aka karanta a kotu. A wurare tara daga cikin waɗanda aka gwada, gawar ba ta da alama ko ɗaya daga Larai, don haka ba ɗanta ba ne. Jinin da ke jikin rigar kuma ba na ɗan'adam ba ne. 'Yan sanda suna kyautata zaton cewa mamacin ɗaya ne daga cikin waɗanda suka tare Aaron, domin an san 'yan bindiga suna tuɓe wa wanda suka kama duk abin da ya ba su sha'awa su saka a jikinsu, wataƙila kuma rigima ce ta ɓarke a tsakaninsu a kan babur ɗin. Wannan ma zato ne, kuma da sunan zato suka faɗe shi. Alƙali ya sallami Muntaka.

Kefas ya nemi lauyan Muntaka ya sake karanta masa takardar a bakin kotu, ya yi tambayoyi uku, ya saurari amsoshin, ya koma gida. Washegari da safe Haggai ya zo ya durƙusa a ƙofarsa ya faɗi maganar akuyar. Kefas ya dube shi kawai, ya ce ya tashi ya tafi.

Samarin ba su karɓi abin haka ba, domin kowannensu ya jefa dutse a ranar, kuma karɓar takardar yana nufin karɓar wannan. Suka ce an sayi sakamakon ne. Suka samu labarin cewa ranar Asabar Muntaka da Asama'u za su hau mota a tashar Zuru su koma wurin danginsu, suka zo wurin Kefas ya jagorance su a ƙarasa aikin. Ya ce su wuce, zai same su a can.

Da suka shiga tashar da hantsi, su goma sha biyu da gorori a cikin buhu, sun tarar ya riga su. Yana tsaye a ƙofar motar, babu bindiga, babu adda. Muntaka yana ciki a kujerar baya, dungun hannunsa a naɗe da tsumma.

"Saje, matsa mana," in ji Dominic. "Kai ka ce mana ka gani."

"Sawu na gani, Dominic. Sauran ni na ƙara."

"To mu da muka bi ka fa? Mu zama me ke nan?"

"Abin da na zama. Ku koma gida."

Dominic ne ya fara kai masa gora a kafaɗar nan mai tabo. Kefas ya riƙe ƙofar motar da hannu biyu, bai rama ba. Suka doke shi a baya, suka doke shi a ka, jini ya rufe masa ido, bai saki ba, sai da wani ya samu cinyarsa ƙashin ya karye da ƙara, sannan ya zube. Kafin nan 'yan kamasho da direbobi sun taso da ƙarafa, samarin suka tarwatse. Muntaka ya leƙo ta taga ya dube shi kwance a ƙasa. Bai gode masa ba, bai kuma zage shi ba. Ya ce wa 'yan kamasho su janye shi daga gaban taya, direba yana son ya ja.

Kada a ɗauka wannan tsayuwa ta wanke shi. Ta ceci ran mutum ɗaya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ta mayar da hannu ba, kuma shi kansa bai taɓa cewa ta mayar ba. Daga gadon asibiti ya aika aka kira Sufeto Monica, ya ba da bayani da bakinsa cewa ba taro ba ne, shi ne, sara biyu, a kan turmi. Lauyan da aka ba shi ya shawarce shi ya kawo hujjar ɗimuwar rashin ɗan'uwa, ya ƙi. Kotu ta ɗaure shi shekara tara.

Larai ta rasu a shekararsa ta biyu a ɗaure, ba a bar shi ya halarci jana'izarta ba. Har yau ba a ga Aaron ba, ba a kuma ji ɗuriyarsa ba. Kefas yana gidan yari, cinyar ta ɗoru a karkace, yana tafiya da sanda. Ya sa an rubuta wa Muntaka wasiƙa sau biyu, amsa ba ta zo ba, bai kuma sake aikawa ba. Daga duk tungar, Leah ce kaɗai take zuwa ganinsa, sau ɗaya bayan kowane girbi. Shekarunsa sittin da ɗaya yanzu, saura shida a gabansa.